Faifan da Kaka ta roƙa

Bayan rasuwar kakanmu, Baba ya ɗauko Kaka daga Tsibiri, ya gina mata ɗakin siminti a gidanmu na Maraɗi. Ya kafa doka: kada kowa ya bari ta taɓa aiki, kada mutane su ce mun wahalar da tsohuwa. Tun daga nan ta rage magana, tuwonta yana kwana a kwano.

Wata rana da la'asar ina tsince wake a ƙofar ɗakinta, sai ta matso.

"Ke 'yar nema, tsakuwa kike bar wa mutane. Miƙo faifan nan."

Na janye shi. "Baba ya ce ki huta, Kaka."

Ta juya tafukanta, ta daɗe tana kallonsu. "To, waɗannan fa, me zan ce musu?"

Dariya na yi. Ta koma ciki, ta fuskanci bango.

Yau ina gidan ɗana a Zariya, ga fanka, ga katifa. Jiya na ɗauki tsintsiya, surukata ta karɓe da ladabi: "Ki huta, Hajiya."

Allah ya jiƙan Kaka. Da ma na miƙa mata faifan nan.