Taya ko Sarƙa

Zauna, ɗan'uwa, in ba ka wani misali daga abin da na gani lokacin da nake koyarwa a wata kwalejin fasaha. Wasu ɗalibai uku 'yan ajin ƙarshe aka zaɓa su wakilci makarantar a gasar ƙera mutum-mutumi, wato na'urar da ake tuƙawa da rimot. Sharaɗin gasar shi ne ta ɗauki bulo ɗaya, ta bi daɓen siminti, ta ratsa wani fili mai yashi, ta ajiye shi cikin minti uku. Saura mako shida, kuma wannan ce damarsu ta ƙarshe kafin su bar makaranta. Sun gama shawara a kan komai, sai abin da na'urar za ta yi tafiya a kai. Ɗaya, ɗan gidan makanikai ne, ya ce tayoyi huɗu za a sa, don a kan siminti babu mai kamo su. Ta biyu, wadda ta fi su lissafi, ta ce taya nutsewa take yi a yashi, a sa sarƙa irin ta katafila. Na ukun shi ne shugabansu, kuma shi ruwan ido ya kama. In ya zauna da mai taya, sai ya tashi ya gamsu. In ta zana masa lissafinta a allo, sai ya ji ai ita ce da gaskiya. Ya cika littafi guda da zane, ya soke, ya sake. Mako biyu suka wuce ba a ɗaura ko noti ɗaya ba. Da ya zo wurina na ce masa, "Ku ɗauki ɗaya, ku saba da halinsa." Ya dafe kai ya ce, "Malam, ai wanne ne ɗayan, shi ne ban sani ba."

Daga ƙarshe ya yanke abin da yake gani adalci ne: a sa duka biyun. Taya ta yi siminti, in an iso yashi a danna maɓalli, sarƙa ta sauko ta ɗaga tayoyin sama. Inji biyu suka koma biyar, nauyi ya ninka, maɓallan rimot suka kai tara. Walda da kwance-kwance suka cinye sauran kwanakin, ba su samu gwada ta a yashi ba sai sau ɗaya. Ranar gasa na'urar ta bi simintin da ƙyar, tana nishi kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Da ta iso bakin yashi, shugaban ya danna. Sarƙar hagu ta sauko, ta dama ta maƙale. Gefe ɗaya na ja a hankali, ɗayan na gudu, sai na'urar ta shiga juyawa a wuri ɗaya tana watsa wa 'yan kallo yashi. Mai taya na cewa ɗaga, mai lissafi na cewa sauke, shi kuma yana kallon maɓallan kamar yau ya fara ganinsu. Bulon ya faɗi, alƙali ya busa usur.

Waɗanda suka zo na ɗaya tayoyi zalla suka sa, masu faɗi, sun shafe wata guda suna koyon yadda ake lallaɓa ta a yashi. Na biyu kuwa sarƙa zalla ce, ta tafi kamar kunkuru, amma ta kai bulonta. Shugaban ɗaliban nawa ya tsaya yana duban wannan na'ura, ya dubi waccan, ya ce da ni, "To Malam, cikin abokaina wa ya yi kuskure?" Na ce babu ko ɗaya. Da ya bi kowanne daga cikinsu, da bulonsa ya isa. Shi ya sa Hausawa suka ce, taura biyu ba ta taunuwa.