Tofin Gwaggo Tabawa

Tun da aka kafa dokar tace numfashi, ba mai hura wa masu raunin garkuwar jiki iskar bakinsa sai ta cikin mataci, wata 'yar na'ura mai fitila. Hansai na cikinsu. Tari ya cinye mata rabin huhu tun tana ƙarama, ɗaya rabin kuwa gobe likita zai duba ko yana nan da ƙarfinsa.

Da hantsi ta tafi wajen Gwaggo Tabawa neman tofi. Tsohuwar ta karanta addu'a, ta tofa a bakin matacin. Fitilarsa ta yi kore, iska mai sanyi ta sauka a goshin Hansai. Ta shinshina, ba ta ji komai ba. Da can tofin Gwaggo ƙamshin goro da kanumfari yake yi.

"Gwaggo, me wannan abin yake riƙewa?" in ji Hansai.

"Ƙwayoyin cuta, 'yar nan. Haka dai suka ce."

"To addu'ar fa, ta wuce?"

Gwaggo ta daɗe tana leƙen cikin matacin. Sannan ta gyara zama, ta ɗauko addu'ar daga farko, ta tofa da ƙarfi.