Na So

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, a zauren kawun Kamila a Kabo Lukuman ke ganinta, ƙofa a buɗe. Yau a keke ya zo daga Gammo, don fetur ya gagara. Ita a Saliyo ta tashi, yaƙi ne ya koro su gida, kuma in kunya ta kama ta, can harshenta ke komawa.

"Gobe iyayena za su zo neman aurenki," in ji shi, yana murza hula a hannu. "Na ce musu kina sona. Gaskiya na faɗa?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. "Na so."

Ta so, wato a da ke nan. Ga ta kuma tana murmushi, abin da ya fi yi masa ciwo. Ya miƙe yana laluben takalmi.

"Yaushe kika daina?"

"Daina me?"

"Ai cewa kika yi kin so."

Kamila ta zaro ido, ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Da yaren Saliyo na amsa maka. A can 'na so' yana nufin haka ne."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "To faɗa mini da Hausa, tunda da ita kika kusa kashe ni."

A karon farko ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Ina so."