Tsohuwar da Ba Ta Cin Tuwon Tausayi

An yi wani manomi a wani ƙauye wanda kwari ya cinye wa gona. Kowace damina sai ruwa ya yagi gefe ya tafi da shi, har abin da ya rage bai isa ya cika bakin rumbu ba. Sa'o'insa duk sun gangara Kurmi neman abin rufin asiri, shi kuwa abu ɗaya ya riƙe masa ƙafa: mahaifiyarsa, tsohuwa ce, idonta ya fara hazo, ba ta da kowa sai shi. Ga ta mace mai riƙe kai, tun mijinta na da rai ba a taɓa ganin ta miƙa ƙwarya a gidan wani ba. Da ya ce zai roƙi maƙwabta su riƙa aiko mata da abinci, sai ta ce in ya yi haka, to ya tafi da sanin kaji za ta juye wa, don bakinta bai saba da tuwon tausayi ba. In ya zauna yunwa ta ci su su biyu, in ya tafi ta ci ta ita kaɗai. Ya kai damuwarsa wurin dattijuwar gidan da ke jikin nasu, ƙawar tsohuwar tun suna amare. Ta saurare shi tana tsince wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Kai dai ɗaure kayanka, ɗan nan. Ba a daji za ka bar ta ba."

Ya tafi. A can wani ɗan garinsu mai sayar da albasa ya matsa masa a tabarma, ya nuna masa inda ake dako da wanda ba a yi wa gardama, har ya samu gindin zama. Amma hankalinsa na gida. Duk wanda ya zo daga gida sai ya tare shi da tambaya, labarin kuwa ɗaya ne: tsohuwa lafiya lau, sai dai ba ta da hutu. Matan unguwa sun hana ta sakat, wannan ta aiko a daka mata garin kuka, waccan ta rantse miyarta ba ta yin daɗi sai da daddawar tsohuwa. Ransa ya ɓaci. Wato da ya bar musu amana, wahalar da za su ɗora mata ke nan, mace mai lalube kafin ta sami taɓarya? Ya ƙudura a ransa ranar da ya koma akwai magana. Yana cewa bari dai ya ƙara ƙarfi, bari dai ya ƙara ƙarfi, sai saƙo ya riske shi cewa ta kwanta. Kafin motarsa ta iso, an riga an kai ta makwancinta.

Ya shiga gida da atamfar da ya saya mata a hammata, da maganarsa a baki. Da 'yan gaisuwa suka ragu, dattijuwar nan ta zo ta zauna kusa da shi, ya fara zazzage mata maganar. Ta bar shi ya gama. Sannan ta tambaye shi ko ya manta ciyayya, wadda maƙwabta ke yi tun kaka da kakanni, ka aiko min in aiko maka, ba mai bin wani godiya. Ta ce ita ce dabarar da suka samu. Kullum akwai gidan da tuwonsa ke zuwa, kwanon kuma ba ya komawa wofi, tsohuwa sai ta zuba garin kuka ko ta ɗora curin daddawa, ta miƙa da hannunta, kanta a ɗage. Da idon ya tafi gaba ɗaya, garin ya koma rabi tsakuwa, daddawar ma wani lokaci ba ta ciyuwa. Mata su kai gida su sake tankaɗewa, abin da ya ƙi gyaruwa su binne a bayan ɗaki, gobe su dawo da fuskar roƙo su ce ya ƙare, a taimaka a ƙaro.

"Har ta koma ga Allah tana cewa ita ke riƙe da miyar unguwar nan," in ji dattijuwar, tana goge ido da bakin mayafi. "Ranar da za ta cika ma faɗa take mana, wai mu ragwaye, in ta tafi wa zai daka mana."

Sai ya juya yana duban tsakar gida. Damina ce, ciyawa ta rufe ko'ina har gindin turmi. Sai a lokacin ya lura an huda dangar gidan ta gabas, an huda ta yamma, an huda ta baya, kuma daga kowace kafa ga wata siririyar hanya fara tas ta taho har bakin ɗakin tsohuwa, an taka ta safe da yamma har ciyawa ta haƙura ta bar wurin. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, kowace ya san gidan da ta fito. Hawayen da suka ƙi zuwa masa tun da ya iso, a nan suka zo.

To kai mai shirin ɗaure kaya, ba kai kaɗai ke yin tafiyar ba, akwai waɗanda za su riƙa yi maka ita a gida, daga ƙofa zuwa ƙofa, ba tare da sun faɗa maka ba. Shi ya sa Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.