Wa Ke Zare Filash Ɗin?

Karo na uku ke nan babi na huɗu ya ƙi buɗewa. Malama ta danna, ta sake dannawa, kwamfuta ta watso mata waɗansu alamomi kamar inda kaji suka yi tono. Ranar Alhamis za ta miƙa kundin digirinta, in ta wuce sai baɗi.

Mai gyara ya jujjuya filash ɗin ya ce lafiyarsa ƙalau. Wani ne ke fizge shi alhali aikin yana buɗe, kwamfuta ba ta gama ajiya ba. Shi ba a cire shi da ka, sai an sallame shi tukuna. Malama ta rantse ba ta taɓa yi ba. Ita da ta maƙala shi a zoben mukullanta don kada ya ɓata? Kuma duk sanda ta dawo daga kicin, a jikin kwamfutar take samunsa.

"To, Malama, sai ki bincika gidanki."

Gidan ba wani yawa gare shi ba. Maigida ya yi tafiya. Baba, mahaifinta, shekara arba'in ya yi yana jan babbar mota, yanzu ba ya wuce rediyo da zagayen duba ƙofofi. Ko wayarsa sai an kunna masa. Saura ƙanwar maigida, wadda ta bar jami'a ba ta gama ba, ga ta da baki. Ba ta kiran Malama sai "Dakta ta gobe", tana yi tana dariya.

Da can wasa ne. Yanzu Malama ta soma jin wani abu a ƙarƙashin dariyar. Ta tuna ranar da ta tarar da ita tana goge teburin da ba a sa ta ba. Ta tuna yadda take yawan tambayar saura kwana nawa.

Ranar Talata ta kasa haɗiyewa. A gaban Baba ta ce wa ƙanwar hassada ce ke cin ta, wanda ya kasa ba ya son ganin mai iyawa. Ƙanwar ba ta rama ba, ta shige ɗaki ta hau haɗa kaya. Shirun nan ma Malama ta lissafa shi cikin shaida.

Amma maigida zai nemi hujja. Da la'asar ta buɗe wani kwafin aikin da ba ta damu da shi ba, ta jingina wayarta a bayan littattafai tana ɗaukar bidiyo, ta shiga kicin ta yi ta buga tukwane.

Da ta dawo, filash yana nan, aikin ya lalace. Daɗi ya kama ta, har ta ji kunyar daɗin. Daga tsakar gida ana jan akwati zuwa ƙofa.

Ta kunna bidiyon. Minti biyu babu kowa. Sai hannu ya shigo ya zare filash ɗin da mukullan, mai hannun ya ja kujera ya zauna gadi, bai mayar ba sai da ya ji takunta. Ta ƙara sauti, ta ji muryar Baba yana mita ƙasa-ƙasa:

"Yarinyar nan ba ta ji. Ina aka taɓa fita a bar mukulli a jikin inji?"