Masu Aunin Wuya

"Bara ma kun auna, Likita," in ji wata mai fura a Kasuwar Yankara, ta ture hannunsa daga maƙoƙon da ya cika mata wuya. "Kuka ɗauki hoto, kuka tafi. Arzikin fetur ya saya maku mota, bai sayo mana magani ba?"

Likitan ya ce bincike sai a hankali, ya nufi motarsa.

Ta riga shi isa, ta zauna daram gaban tayar.

"Nawa ya gama girma, na haƙura." Ta jawo ɗiyarta, ta janye mata mayafi. Ga kumburi nan ya soma, kamar ƙwan zabo. "Wannan kam, ko magani, ko ku bi ta kaina."