Zagayen Fasto Pascoe

Sau uku ke nan Fasto Pascoe yana zagaya layinmu da takardar waya a hannu. A garinmu, in soja ya mutu a Faransa, fasto ake ba takardar ya kai wa uwarsa. Kowace uwa ta kulle ƙofarta. Ni da ƙafata ba ta zama, ranar ina maƙale bayan labule, burodi na ƙonewa na kasa motsi. Clarrie ɗana yana can ramin yaƙi.

Olive maƙwabciyata, wadda ita ma ɗanta yana can, ta raɗo ta taga: "Hettie, uwar gulma, leƙa mana. Gidan wa?"

"Leƙa da kanki, idonki ciwo yake?"

Fasto ya tsaya a ƙofata. Na ce a raina, Allah Ka sa ɗan Olive ne. E, na faɗa, ba zan ɓoye ba.

Sai ya wuce har ƙarshen layi. Ya cire hula, ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa.

Matarsa ta buɗe tana dariya. "Edwin, yau kai ne baƙo a gidanka?"

Sannan ta ga takardar. Alby, ɗansu tilo, watansa biyu kacal a fagen daga.